Yadda ake gano tarihin haihuwar taurari a ƙaramin galaksi, da misalin Karina

Wanda ya fita fili da daren hunturu a Kano ko Maraɗi, ya fuskanci kudu, zai hangi wani tauraro mai tsananin haske can ƙasa-ƙasa, wanda Larabawa suke kira Suhail, masana falaki kuma suke kira Canopus. Kimanin digiri uku daga gare shi akwai wani ƙaramin galaksi da ido ba ya gani, wanda ba a ma san da zamansa ba sai a 1977, lokacin da aka tsinkaye shi a hotunan da aka ɗauka da madubin hangen nesa na UK Schmidt da ke Siding Spring a Ostareliya. Sunansa Karina, a rumbunan bayanai kuma ana rubuta shi Carina. Galaksi tarin taurari ne da iskar gas da ƙura waɗanda ƙarfin jan nauyi ya ɗaure wuri guda. Namu, Milky Way, wato farin zanen nan da ke ratsa sama a daren da babu wata, yana ɗauke da taurari fiye da biliyan 100. Shi kuwa Karina duk haskensa bai kai na Rana miliyan ɗaya ba, kuma yana kewaya namu ne daga nisan shekarun haske kimanin 330,000, wato nisan da haske yake ɗaukar shekara 330,000 kafin ya ratsa.

Amfanin irin waɗannan ƙananan maƙwabta shi ne kusancinsu ya sa ana iya ware taurarinsu ɗaya bayan ɗaya a hoto, a auna hasken kowanne da launinsa, daga nan a gano lokacin da aka haife su. Na zaɓi Karina ne domin tarihinsa yana fitowa fili a taswira tun kafin a shiga lissafi mai nauyi, saboda haka ɗalibi zai iya gwada abin da kwamfuta ta ba shi da abin da idonsa ya gani.

Tushen aikin duka abu ɗaya ne: nauyin tauraro shi ke yanke tsawon ransa. Tauraro yana shafe mafi yawan rayuwarsa yana mayar da haidirojin zuwa hiliyom a tsakiyarsa, kuma gwargwadon nauyinsa, gwargwadon saurin cinye wannan makamashi. Rana, wadda ta shekara biliyan 4.6, za ta yi kusan shekara biliyan 10 a wannan hali. Tauraron da ya ninka ta biyu a nauyi ba ya wuce shekara biliyan ɗaya da 'yan kai, wanda ya ninka ta goma kuwa yakan ƙare cikin shekara miliyan 20 zuwa 30. Masu nauyin su ne masu zafi, masu haske, masu launin shuɗi. Don haka idan aka haifi taurari a lokaci guda, shuɗɗan su ke fara gushewa, sannan na ƙasa da su, bi da bi. Kaza da 'ya'yanta, wadda kowa ya sani a samanmu, har yanzu shuɗɗan taurarinta suna nan, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna ƙuruciyarta, domin shekarunta miliyan 100 ne da wani abu.

Samo hotuna masu zurfi

A wannan mataki ne yawancin ayyuka suke gyaruwa ko su lalace tun kafin a fara lissafi. Masana falaki suna auna haske da ma'aunin magnitud, wanda yake tafiya a juye: yawan lamba, ƙarancin haske. Bambancin magnitud biyar yana nufin ninki 100 a haske, kuma ido mai lafiya a wuri mai duhu yana tsayawa a wajen magnitud 6. Mafi tsufan taurarin da suke gab da ƙarar da haidirojinsu a yau, waɗanda nauyinsu kimanin kashi 80 cikin 100 ne na Rana, ainihin haskensu yana wajen magnitud 4, wato abin da za a auna da a ce suna nisan shekarun haske 32.6, wanda shi ne nisan da aka tsayar don kwatanta taurari. Nisan Karina yana ƙara kimanin 20 a kan wannan lamba, sai mu gan su a magnitud 24, sun fi tauraron da ido ke gani da ƙyar dushewa sau miliyan 16. Bai kuma isa hoton ya tsaya a 24 ba, dole ya zarce da magnitud ɗaya ko biyu, domin awo a bakin iyakar hoto cike yake da kuskure. Duk wani tarihi da aka rubuta daga hoton da bai kai wannan zurfi ba, ina ganin a ɗauki abin da ya ce kan shekarun baya-bayan nan, a yi taka-tsantsan da abin da ya ce kan zamanin farko.

Ba sai mutum ya mallaki madubi ba. Hotunan da manyan cibiyoyi suka ɗauka suna nan a buɗe a intanet bayan wa'adin masu su ya cika: na madubin Hubble, wanda aka harba a 1990, suna rumbun MAST, na madubai da ke La Silla da Paranal a Chile suna rumbun ESO, jerin taurarin da wasu suka riga suka auna kuma suna VizieR da ke Strasbourg a Faransa. A kula da faɗin fili. Karina ya kai cikakken wata faɗi a sararin sama, alhali kyamarar Hubble ba ta ɗaukar fiye da ɗan yankin da bai kai kashi ɗaya cikin takwas na faɗin wata ba. Saboda haka ga maƙwabci na kusa kamar wannan, kyamarori masu faɗin fili na doron ƙasa, irin DECam da ke kan madubin Blanco mai faɗin mita 4 a Cerro Tololo, sun fi dacewa. Hubble da James Webb, wanda aka harba a Disamba 2021, ana neman su ne idan galaksin ya yi nisan shekarun haske miliyan biyu ko uku, inda tsofaffin taurarin suke komawa magnitud 28 ko fiye. Ana bukatar hotuna ta matatun haske aƙalla biyu, misali B da V ko V da I, domin bambancin hasken tauraro a matatun biyu shi ne launinsa.

Auna taurari da tace baƙi

Inda taurari suka cunkushe, haskensu yana shiga na juna, don haka ba a auna su ta hanyar zana da'ira a kan kowanne. Ana fara ɗaukar wasu taurari masu haske da suke su kaɗai, a gano siffar da tauraro ɗaya yake bari a hoton, sannan a ɗora wannan siffa a kan kowane ɗigo. Manhajar DAOPHOT, wadda Peter Stetson ya wallafa a 1987, da DOLPHOT ta Andrew Dolphin su ne aka fi amfani da su. Bayan haka akwai aikin da masu gaggawa suke tsallakewa, alhali shi ne ginshiƙin amincin sakamako: a dasa taurarin gwaji, waɗanda aka san haskensu da launinsu, cikin ainihin hoton, dubun-dubatarsu amma kaɗan-kaɗan a kowane zagaye don kada su ƙara cunkoso, a sake awon, a ga nawa aka gano, da kuskuren da aka yi a kan kowanne. Wannan ne zai nuna magnitud ɗin da ake rasa rabin taurari a cikinsa, kuma daga nan zuwa ƙasa ba a kafa hujja.

Ba duk tauraron da ke cikin hoton ba ne ɗan Karina. Galaksin yana kimanin digiri 22 kawai daga faifan Milky Way, saboda haka taurarin gidanmu suna gittawa ta gabansa da yawa, har ma an samu taurarin gefen Babban Gajimaren Magellan, wani galaksi maƙwabcinmu, a wannan fili. Hanya ta farko ita ce amfani da bayanan tauraron ɗan adam na Gaia, wanda aka harba a 2013, aka kuma fitar da babban kundinsa na uku a 2022: taurarin Karina suna tafiya tare a sararin sama, motsinsu ƙanƙane ne saboda nisa, na kusa kuwa kowanne da inda ya nufa. Sai dai Gaia tana tsayawa a wajen magnitud 21, don haka tana tace masu haske ne kawai. Ga masu dushewa, a ɗauki wani fili na kusa wanda ba ya cikin galaksin, a ƙidaya taurarinsa bisa launi da haske, a cire daidai wannan adadi gwargwadon faɗin fili. A kuma jefar da ɗigogin da suka fi tauraro faɗi, domin galaksoshi ne na can nesa, kuma a magnitud 24 zuwa ƙasa suna da yawa ƙwarai.

Sai gyara biyu kafin a zana komai. Ƙurar da ke tsakaninmu da galaksin tana rage haske tana kuma mayar da shi ja, kuma ana cire tasirinta da taswirar ƙura irin wadda Schlegel da Finkbeiner da Davis suka fitar a 1998. Ta wajen Karina ƙurar ba ta da yawa. Nisa kuma ana samunsa daga taurarin RR Lyrae, waɗanda haskensu yake hawa da sauka cikin ƙasa da kwana ɗaya, kuma ainihin haskensu kusan ɗaya ne, wajen magnitud 0.6.

Karanta taswirar launi da haske

Yanzu a sa launi a layin kwance, shuɗi a hagu, ja a dama, a sa haske a layin tsaye, masu haske a sama. Kowane tauraro ɗigo ɗaya. Asalin wannan taswira aikin Ejnar Hertzsprung ne a 1911 da Henry Norris Russell a 1913, kuma manhaja kyauta irin TOPCAT tana zana ta cikin ɗan lokaci. Taurarin da ke ƙona haidirojin a tsakiyarsu suna jeruwa a wani babban layi da ya karkata daga sama hagu zuwa ƙasa dama. Idan haidirojin tauraro ya ƙare, sai ya bar layin ya yi kwana zuwa dama, ya bi wata 'yar gada kusan a kwance, ya hau reshen jajayen ƙattai yana kumbura yana ƙara haske. Bayan ya kunna hiliyom sai ya sauko ya zauna ko dai a reshen kwance, idan tsoho ne mai ƙarancin ƙarafa, ko a wani jan dunƙule kusa da reshen ƙattai, idan shekarunsa matsakaita ne.

Kwanar nan ita ce agogon. Yawan dushewarta, yawan tsufan taurarin. A dunƙulen taurarin da aka haifa lokaci guda, kwana ɗaya ake gani da gada ɗaya. A Karina kuwa ana ganin fiye da ɗaya, kowacce da gadarta, kuma tsakaninsu akwai wurin da taurari suka yi ƙaranci. A saman taswirar ma ana ganin reshen kwance da jan dunƙule tare, kowanne a ware. A 1983 Jeremy Mould da Marc Aaronson sun nuna cewa akasarin taurarin Karina shekarunsu wajen biliyan 7 ne, 'yan shekaru bayan haka aka gano taurarin RR Lyrae a cikinsa, waɗanda ba sa samuwa sai a taurarin da suka haura shekara biliyan 10, sannan a shekarun 1990 hotuna masu zurfi na Tammy Smecker-Hane da abokan aikinta suka fito da rabuwar a sarari. Abin da ya fito shi ne Karina ya haifi taurari fiye da shekara biliyan 10 da suka wuce, ya tsaya na tsawon biliyoyin shekaru, ya sake haihuwa mafi yawa tsakanin kimanin shekara biliyan 8 zuwa 4 da suka wuce, sannan ya ƙara kaɗan daga baya. A yau ba a ga iskar gas a cikinsa ba, haihuwa kuma ta tsaya. Ina ba mai karatu shawara ya daɗe yana duban gibin da ke tsakanin gadojin nan, domin shi ne shaida mafi ƙarfi a taswirar: kuskuren awo yana watsa ɗigogi ne ya cike gibi, saboda haka gibin da ya tsira duk da kuskure na gaske ne.

Akwai tarko a saman kwanar tsofaffin taurari. Wasu shuɗɗan taurari suna zama a can kamar matasa, alhali tsofaffi ne da suka ƙara nauyi ta hanyar zuƙe iskar abokan zamansu ko haɗewa da su. Ana samunsu a galaksoshi irin Sculptor da Draco. Idan adadinsu kaɗan ne, kuma sun bazu kamar yadda tsofaffin suka bazu, kada a rubuta su a matsayin sabuwar haihuwa.

Matsalar ƙarafa

A bakin masana falaki, duk sinadarin da ya fi hiliyom nauyi ƙarfe ne, har da iskar oksijin da kabon. Yawan ƙarafa yana mayar da tauraro ja, tsufa ma yana mayar da shi ja, saboda haka tsohon tauraro mai ƙarancin ƙarafa da matashi mai ƙarafa da yawa suna iya faɗawa wuri ɗaya a taswira. Karina ya nuna wannan matsala fiye da kowane misali da na sani: reshen jajayen ƙattansa siriri ne ƙwarai, kamar na taurarin da aka haifa rana ɗaya, duk da cewa akwai biliyoyin shekaru tsakanin mazaunansa, domin ƙarin ƙarafan na baya ya cike gurbin ƙarancin shekarunsu. Wanda ya tsaya a reshen ƙattai kaɗai zai yanke hukuncin da ba daidai ba.

Maganin shi ne bakan haske, wato hasken tauraro da aka rarraba zuwa launukansa. Ana rarraba hasken jajayen ƙattai da na'ura irin FLAMES da ke kan babban madubin VLT a Paranal, wadda take ɗaukar taurari fiye da 100 a lokaci guda, a auna layuka uku na sinadarin kalsiyom da ke 8498 da 8542 da 8662 a ma'aunin angstrom, wanda ake auna tsawon zangon haske da shi. Ƙarfin layukan yana ba da yawan ƙarafa, matsawarsu daga mazauninsu kuma tana ba da gudun tauraron. Taurarin Karina suna nisantar mu da gudun kilomita 220 da ɗoriya a daƙiƙa, wannan kuma wata hanya ce ta tace baƙi. Matsakaicin ƙarfen da ke cikinsu kimanin kashi ɗaya cikin 50 ne na wanda ke cikin Rana. Idan bakan yana da kyau sosai, a kwatanta magniziyom da baƙin ƙarfe. Manyan taurari suna fashewa cikin 'yan miliyoyin shekaru suna zubar da magniziyom da oksijin, fashewar fararen ƙananan taurari kuwa, wato ragowar taurarin da makamashinsu ya ƙare, wadda take kawo baƙin ƙarfe mai yawa, tana zuwa ne a makare. Inda rabon magniziyom ya fara sauka yana nuna yadda galaksin ya yi saurin tara ƙarafa kafin fashewa ta biyu ta shigo.

Gina taswirar kwaikwayo

Ido yana nuna zubin tarihi, adadi kuwa sai da lissafi. Ana ɗaukar layukan sa'anni, wato layukan da nazarin rayuwar taurari ya zana don nuna inda taurari masu shekaru ɗaya da ƙarafa ɗaya za su faɗa a taswira. Rumbunan PARSEC da BaSTI da MIST da Dartmouth duk suna bayar da su kyauta. Ga kowane zango na shekaru da ƙarafa, sai a ƙirƙiri taurari a kwamfuta bisa rabon nauyin da ake haifar taurari da shi, irin wanda Edwin Salpeter ya kawo a 1955 ko wanda Pavel Kroupa ya gyara a 2001, a sa wani kaso su zama tagwaye, sannan a ɗora musu kuskure da rashin ganuwa daidai da abin da taurarin gwaji suka nuna. Daga nan a yanyanka taswirar gaske zuwa ƙananan murabba'ai, a ƙidaya taurarin kowanne, a nemi haɗin zangunan da ya fi kusa da wannan ƙidaya. Manhajar MATCH tana cikin masu yin wannan aiki. Tun da wasu murabba'an taurarinsu kaɗan ne, lissafin Poisson, wanda ya dace da ƙidayar abubuwa 'yan kaɗan, ya kamata a bi wajen auna dacewa.

A maimaita aikin da rumbun layuka biyu ko uku, a kuma ɗan motsa nisa da ƙura a ga yadda sakamako yake sauyawa, domin bambancin da ke tsakanin rumbunan yakan fi kuskuren ƙidaya girma. A tuna kuma cewa agogon nan yana rage kaifi yayin da ake komawa baya: a shekara biliyan ɗaya da suka wuce ana iya rarrabe abubuwan da ke da tazarar miliyoyin shekaru ɗari, a biliyan 12 kuwa tazarar da ba ta kai biliyan ɗaya ba tana narkewa. Hanya mai kyau ta sanin iyakar ita ce a ƙirƙiri galaksin da ya haifi taurarinsa duka a lokaci guda, a ba manhajar, a ga yadda za ta shimfiɗa wannan lokaci. Duk wani tashin haihuwa da bai fi wannan shimfiɗa faɗi ba, ba za a iya faɗin tsawonsa ba. Ya fi aminci a gabatar da sakamako a matsayin jimillar da ke taruwa, wato kashi nawa na taurari aka riga aka haifa zuwa kowane zamani, a faɗi lokacin da aka kai rabi da lokacin da aka kai kashi 90 cikin 100.

Kwatanta da maƙwabta

A raba galaksin zobe-zobe daga tsakiya zuwa gefe, a yi lissafin kowanne dabam. A Karina, taurari masu matsakaitan shekaru sun fi taruwa a tsakiya, tsofaffin sun fi bazuwa, saboda haka hoton tsakiya kaɗai zai rage wa zamanin farko nauyi. Haka abin yake a Sculptor, wanda Harlow Shapley ya gano daga hotunan cibiyar duban taurari ta Boyden a Afirka ta Kudu ya kuma sanar a 1938: Eline Tolstoy da abokan aikinta sun nuna a 2004 cewa taurarinsa masu ƙarafa sun dunƙule a tsakiya, masu ƙarancin ƙarafa sun bazu, duk da cewa kusan dukkansu sun haura shekara biliyan 10. Fornax ya ci gaba da haihuwa har zuwa 'yan ɗaruruwan miliyoyin shekarun da suka wuce, Leo A kuwa, wanda yake can nesa shi kaɗai, ya haifi kusan kashi 90 cikin 100 na taurarinsa ne cikin shekara biliyan 8 na baya-bayan nan.

Wannan kwatanci shi ke ba da damar tambayar dalili. Ƙaramin galaksi ba shi da ƙarfin riƙe iskarsa: fashewar taurari tana iya hura ta waje, hasken da ya ɗumama sararin samaniya cikin shekara biliyan ɗaya na farko yana iya hana ta sanyaya, zazzafar iskar da ke kewaye da Milky Way kuma tana iya kwashe ta daga duk wanda ya ratsa ciki, shi ya sa ƙananan galaksoshin da ke kusa da mu, ban da Gajimaren Magellan biyu, Babba da Ƙarami, kusan duk ba su da gas. Idan an samu shekarun da haihuwa ta tashi da waɗanda ta tsaya, a ɗauki motsin galaksin daga Gaia tare da gudunsa da nisansa, a lissafa hanyar da ya bi a baya, a duba ko lokutan da ya fi kusantar Milky Way sun dace da waɗannan shekaru, a kuma maimaita lissafin da nauyin Milky Way daban-daban tare da saka jan Babban Gajimaren Magellan a ciki.